Daga Delhi zuwa Haridwar a mota da iyali: amsoshin tambayoyin da kuke yi mini kullum

Duk wanda ya kawo mara lafiya Delhi ya ga sauƙi ya samu, ko ya zo duba ɗansa da ke karatu a Noida, dab da Delhi, sai ya ce yana so ya fita da iyali su ga ƙasa kafin biza ta ƙare. Yawanci Agra ake nufa, ganin Taj Mahal. Wasu kuma su ce garin nan na bakin kogi da ake kunna fitilu da magariba suke so, wato Haridwar. Tambayoyin ba sa canzawa, ni kuwa na gaji da maimaitawa a waya. Ga su a rubuce, don Allah a karanta kafin a kira ni.

Zan iya karɓar hayar mota in tuƙa da kaina?

Kada ka fara, Alhaji. A hannun hagu ake tuƙi a Indiya, sitiyari yana dama, ga babura da a-daidaita-sahu da tarakta da shanu duk a titi ɗaya. Ɗauki mota da direbanta.

Ina ne garin, kuma nisansa nawa?

Jihar Uttarakhand, arewa maso gabas da Delhi. Kusan kilomita 220, kamar dai Kano zuwa Kaduna. Za ku bi ta Meerut, Muzaffarnagar, sannan Roorkee. Awa huɗu zuwa biyar idan hanya ta yi sauƙi.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Wannan ce tambayar da ya kamata ku fara yi, amma sai an gama biyan kuɗin mota ake tuna ta. Kada ku kusanci hanyar nan a watan da mabiya addinin Hindu suke kira Shravan, wanda yakan faɗo tsakanin Yuli da Agusta. Lokacin Kanwar Yatra ne: miliyoyin mutane sanye da tufafi ruwan goro suna tafiya a ƙafa, sun ɗebo ruwan kogin Ganga daga Haridwar za su kai wuraren bautar Shiva, ɗaya daga abubuwan bautarsu, a garuruwansu. 'Yan sanda kan rufe ɓangaren babban titin ko su karkatar da motoci, tafiyar awa biyar ta koma ta yini guda. Kuma zukata kan yi zafi a lokacin. A 2024 an umarci masu gidajen abinci na hanyar a yankin Muzaffarnagar su rubuta sunayensu a ƙofa, har sai da Kotun Ƙoli ta dakatar da umarnin. Baƙo mai iyali ba shi da abin yi a wurin a wannan watan.

Mayu da Yuni zafi ne mai wuce awo 40, ga cunkoson masu wucewa zuwa wuraren ziyara na kan duwatsu. Disamba da Janairu hazo kan rufe titi da asuba har direba ba ya ganin motar gabansa. Ni dai Oktoba zuwa Nuwamba, ko Fabrairu zuwa Maris, nake ce wa mutane. Ko a nan ma a tambayi direba ko ranar ta dace da ranar wankan ibada, domin shi ya san kalandarsu.

Wace irin mota?

Idan kun kai shida, Toyota Innova. Ku yi ciniki tun a gida: kuɗin tolget, harajin shiga wata jiha, kuɗin ajiye mota, da na kwanan direba, wa zai biya? Ku tabbata akwai FASTag, wato sitikar biyan kuɗin tolget, a gilashin motar. Kada a kira ni daga bakin titi a ce in raba rigima.

Akwai nama?

Babu. An hana sayar da nama da giya a cikin garin Haridwar, a Rishikesh da ke gaba da shi ma har ƙwai. Shinkafa, burodinsu na roti, miyar wake da suke kira dal, dankali, madara: yini ɗaya ko biyu ba za su kashe kowa ba. Mai son nama ya ci a Meerut ko Muzaffarnagar, akwai Musulmi da yawa. Kuma Hajiya, kilishi da dambun naman da aka taho da su daga gida a bar su a Delhi. Ba a buɗe su a garin mutane da suka ce ba sa so.

Me ya sa suke girmama garin haka?

A nan ne kogin Ganga yake barin duwatsun Himalaya ya sauko fili, su kuma a wurinsu kogin uwa ce, wanka a cikinsa yana wanke zunubi. Haridwar ɗaya ne daga garuruwa huɗu da ake babban taron wankan ibada na Kumbh Mela, tare da Prayagraj da Ujjain da Nashik. An yi a nan a 2010 da 2021. Kuma nan iyalai da yawa suke kawo tokar mamatansu su zuba a ruwa. Don haka idan ka ga mutum da askin ƙwal-kwabo da fararen kaya riƙe da ƙaramin tulu, mai yiwuwa makokin mahaifinsa yake yi. Sauke wayarka. Abin da ba za ka yarda a yi maka a maƙabarta ba, kada ka yi masa.

To za a bar mu mu shiga Har Ki Pauri, inda ake kunna fitilun?

A nan ne ba ni da amsar kalma ɗaya, kuma duk wanda ya ba ka ita ya gajarta maka magana. Har Ki Pauri matakalai ne da suka gangara cikin ruwa, shi ne wuri mafi tsarki a garin, nan ake yin Ganga Aarti kowace magariba da fitilu da ƙararrawa da waƙoƙin yabo. Akwai tsohuwar dokar hukumar gari tun 1916 da ta taƙaita shigar wanda ba Hindu ba zuwa wannan wurin, kuma ƙungiyar Ganga Sabha da ke kula da shi takan ta da maganar lokaci zuwa lokaci. A aikace, shekara da shekaru 'yan yawon buɗe ido daga Turai da Amurka suna shiga su zauna ba wanda ya tanka musu. To amma mu ba su ba ne. Iyali baƙar fata, uwa da hijabi, uba da hula, ba za su ɓace cikin taro ba, kuma yadda za a karɓe su ya danganta da ranar, da wanda ke tsaye a bakin ƙofa, da abin da ke faruwa a siyasar jihar a makon. Wata rana murmushi za a yi muku a nemi hoto da yaranku. Wata rana matashi ɗaya ya tare ku da tambaya, cikin minti biyu mutane su taru.

Shawarata: kada ku sauka matakalan kansu. Ku tsaya ta ɗaya gefen ruwan ko kusa da gadojin da ke wajen, ana hango fitilun sarai. Ku isa awa ɗaya kafin faɗuwar rana, ku sa direba ya fara zuwa ya tambayi ɗan sandan da ke bakin aiki inda baƙi za su iya tsayawa a ranar. Idan kun ga allon da ya hana shiga, magana ta ƙare. Idan wani ya ce ku matsa, ku matsa, ko da kuna ganin ba shi da hurumi. Ba a gardamar doka da yara a hannu a ƙasar da ba ka jin yarenta. Za a miƙo muku ɗigon ja na goshi, ko zaren ɗaurawa a hannu, ko alewar da aka gabatar wa abin bauta. Sa hannu a ƙirji, girgiza kai, ka wuce. Yawancinsu ba sa tilastawa. Kada wannan ya firgita ku, yawancin masu zuwa lafiya suke dawowa. Amma idan a cikinku akwai mai saurin fushi, ko wanda ba zai iya ganin bautar wasu ya kama bakinsa ba, ku zarce Rishikesh, kilomita 25 ne gaba, ku ga kogi da duwatsu a sarari ku dawo.

Ya halatta Musulmi ya je kallo?

Tambayi malaminka tun kafin ka biya kuɗin mota. Ni hanya na sani.

Yara za su iya shiga ruwa?

A'a. Ruwan sanyi ne ƙarara, daga ƙanƙarar duwatsu yake zuwa, kuma yana da ja. Sarƙoƙin da kuke gani a bakin matakalai masu wanka ke riƙewa don kada ruwa ya tafi da su. Ku riƙe hannun yara, ku rubuta lambar waya ku sa musu a aljihu. Kada a ba yaro ayaba ko leda ya riƙe inda birai suke, ƙwacewa za su yi.

Sallah fa?

Matafiya ne ku, kun san hukuncin ƙasaru. Akwai masallatai a Muzaffarnagar da Roorkee, da kuma Jwalapur dab da Haridwar. Kusa da Roorkee akwai Piran Kaliyar, inda kabarin Shehu Alauddin Sabir na ɗariƙar Chishtiyya yake, can ma za ku sami wurin alwala da abinci. Kada a shimfiɗa darduma a bakin kogi ko a filin ajiye motoci na garin. A ɗakin masauki ya fi.

Ina za mu kwana?

Otal, ba gidajen saukar masu ziyara da suke kira dharamshala ba. Ku kira tun daga Delhi ku tambaya ko suna karɓar baƙi 'yan ƙasar waje, domin dole su cika takardar Form C su kai wa hukuma, wasu kuwa ba sa son wahalar. Kowa ya riƙe fasfonsa na ainihi, har jariri. Hoton fasfo a waya ba ya wadatarwa.

Mara lafiyan da muka kawo zai iya bin mu?

Likitansa zai faɗa, kuma a tambaye shi gaskiya: awa goma ne a mota zuwa da dawowa. Idan ya amince, to ban da hawa dutsen Mansa Devi, mai wurin bauta a samansa. Akwai akwatunan da ake ja a kan waya zuwa sama, amma layinsu na da tsawo, matakalan kuwa ƙunci gare su. A Yulin 2025 turmutsutsu ya kashe mutane a wurin. Ku ɗauki magungunansa da takardun asibiti, ruwan gora kaɗai zai sha, kuma a sa direba ya tsaya duk bayan awa biyu ya miƙe ƙafa.