Waiwaye: Inda aka samo iyakar kilomita 25 ta keken lantarki

Duk wanda ya taɓa hawa keken lantarki a Turai ya san wurin. Kana taka feda, injin yana tura ka kamar iska ta biyo bayanka, da allon da ke kan sitiyari ya nuna gudun kilomita 25 a awa sai ka ji nauyin keken ya dawo ƙafarka. Ba lalacewa ya yi ba, doka ce.

Japan na cikin ƙasashen da suka fara shata irin wannan layi. A 1993 kamfanin Yamaha ya fito da keken PAS, wanda injinsa ba ya aiki sai mahayi ya taka, kuma tallafin yana raguwa har ya ɗauke gaba ɗaya a kilomita 24 a awa. Tarayyar Turai ta bi sahu a dokarta ta 2002: muddin ƙarfin injin bai wuce wat 250 ba, kuma yana yankewa a kilomita 25, to keke ne, ba babur ba. Babu lamba, babu lasisi, babu inshora. Birtaniya tana da tata dokar tun 1983, wat 200 da mil 15, sai a 2015 ta daidaita da ta Turai.

Me ya sa 25? Domin ya ɗan ɗara gudun mutum na yau da kullum. Mai zuwa aiki ko kasuwa a cikin gari yakan yi tsakanin 15 da 20 ne. A Kopenhagen ma an saita danjar wasu tituna yadda mai tafiyar kilomita 20 zai yi ta cin kore ba tsayawa.

Amurka ta ɗauki wata hanya daban. Dokarta ta 2002 ta yarda da wat 750 da mil 20, wato kimanin kilomita 32, kuma a 2015 Kalifoniya ta yi dokar da ta ƙara ajin da ke kai mil 28.

Wannan mil 20 ɗin ne masu neman a ƙara iyakar gudun keken lantarki a Birtaniya suke hange. Hujjarsu tana da ƙarfi: Wales ta mayar da mil 20 iyakar gudu a unguwanni a Satumban 2023, Landan ma haka yawancin titunan tsakiyarta suke. Keken da ya tsaya a mil 15.5, wato kilomita 25, kullum akwai mota a bayansa tana neman wuce shi, kuma wurin wucewar nan ne abin tsoro.

Sai dai a ganina sun manta da hanyar keke, siririya, inda ɗan makaranta da tsohuwa mai kwandon cefane suke tafiyarsu a hankali. Daga 25 zuwa 32 kamar ƙari kaɗan ne, amma ƙarfin karo yana ƙaruwa da fiye da kashi 60 cikin ɗari, birki ma sai ya ja nisa kafin ya kama. Mai son gudu kuwa ba a hana shi ba: akwai ajin kilomita 45, wanda Holan ta sa cikin ƙananan babura tun 2017, da lamba da hular kwano.

A 2024 gwamnatin Birtaniya ta nemi jin ra'ayin jama'a kan ninka ƙarfin inji zuwa wat 500 da barin a yi amfani da totur ba tare da taka feda ba. Iyakar gudun ba ta ma cikin abin da aka sa a faifai, kuma a farkon 2025 aka jingine shawarar.