Maƙalewar ƙwayoyin kwantam a hargitsi mai tsari: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Mene ne MBL?

MBL gajarta ce ta "many-body localization", wato maƙalewar ƙwayoyi masu yawa: ƙwayoyin kwantam masu mu'amala da juna su ƙi kaiwa ga daidaiton zafi saboda hargitsi (bambancin ƙarfi daga gurbi zuwa gurbi), su ci gaba da riƙe alamar yadda aka jera su tun farko. Shi ke nan.

Ba shi masanin kimiyya Philip Anderson ya bayyana a 1958 ba?

A'a. Ƙwayoyin Anderson ba ruwansu da juna. A 2006 ne Basko, Aleiner da Altshuler suka kawo hujjar cewa maƙalewa na iya jure mu'amala. Don Allah a daina cakuɗa su.

Rashin daidaito (bambancin yawan ƙwayoyi tsakanin guraben da aka cika da waɗanda aka tsallake tun farko) bai sauka sifili a lissafina ba. Na samu MBL ke nan?

Wataƙila, amma kada ka yi gaggawa. Fara da girman sarƙarka, wato jerin guraben da ƙwayoyin ke zama. Gurbi 20 mai rabin cika yana da yanayi 184,756, kuma cikakken lissafi ba ya wuce gurbi ashirin da 'yan kai. A irin wannan ƙanƙantar, tsarin da ke tafiyar hawainiya zuwa daidaiton zafi yakan yi kama da maƙalalle. Gwada gurbi 12, 14, 16, 18, ka duba ko iyakar da ke tsakanin maƙalalle da mai zafi tana matsawa zuwa hargitsi mai ƙarfi. Galibi tana matsawa.

Sai ma'aunin r, wato matsakaicin rabon ƙaramar tazara da babba a tazarar matakan makamashi masu maƙwabtaka: kusan 0.39 a maƙalalle, 0.53 a mai zafi. Ɗauko shi daga tsakiyar matakan, kuma ka ware kowane rukunin adadin ƙwayoyi daban, in ba haka ba 0.39 na ƙarya za ka gani. Maimaita da φ masu yawa (φ ita ce lambar da ke gusar da tsarin hargitsin a kan sarƙar). Sakamakon φ guda ba hujja ba ne. Duba sarƙewar kwantam (entanglement, alaƙar kwantam tsakanin sassan sarƙar) ma: ya kamata ta hau a hankali bisa logaridim na lokaci. In ta tsaya cak, mai yiwuwa mu'amalarka sifili ce.

Ko duk sun dace, abin da za ka ce shi ne ka ga maƙalewa a wannan girma da wannan lokaci. Ko tana ɗorewa a sarƙa marar iyaka, masana na jayayya har yanzu. Kada hakan ya karya maka gwiwa, sakamakonka yana da daraja in ka faɗi iyakarsa.

An gani da ido?

An gani. Munich, 2015, rukunin Immanuel Bloch: atam ɗin potasiyam-40, hasken lesa biyu masu nanomita 532 da 738. Suka cika gurbi ɗaya suka tsallake ɗaya, tsarin bai goge ba.

Me ya bambanta hargitsi mai tsari da hargitsin kara-zube?

A samfurin Aubry-André na hargitsi mai tsari ƙarfin gurbi na i yana bin Δcos(2πβi+φ), inda Δ ke nufin ƙarfin hargitsin, β kuwa lamba ce da ba ta rubutuwa a matsayin rabon cikakkun lambobi biyu. In babu mu'amala, komai na maƙalewa da zarar Δ/J ya haura 2 (J shi ne ƙarfin tsallen ƙwaya daga gurbi zuwa na kusa). Babu dogayen yankuna masu raunin hargitsi da za su yi zafi su cinye maƙwabtansu, shi ya sa ake sa ran maƙalewar ta fi ƙarko a nan.

Zan iya sa β ya zama 0.5?

Kul! Tsari mai maimaita kansa ka gina. Yi amfani da (√5−1)/2.