Burs ɗin jami'a a Kamaru: wanda aka binne da wanda doka ta bari

Duk shekara da sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito, tambaya ɗaya ce ke zagaya majalisun Garwa da Marwa. Bana wani dattijo tela a unguwarmu ne ya tare ni da ita bayan la'asar. Ya ce, "Malam, 'yar taka ta ci bak. A ina ake rubuta suna don burs?" 'Yarsa yake nufi. Na ce, "Baba, burs ɗin da kake nufi an binne shi tun ba a haife ta ba."

Ba wasa nake ba. A da, lokacin da jami'a ɗaya ce tal a Yawunde, gwamnati na bai wa ɗalibai kuɗin kashewa, wato burs. Da aljihun ƙasa ya bushe, sai aka fito da dokokin gyaran jami'o'i a watan Janairun 1993: jami'o'in gwamnati suka zama 6, har da ta Ngaundare, aka soke wancan kuɗi, aka kuma ɗora wa ɗalibi sefa 50,000 a shekara. Har yau jaka hamsin ɗin nan ce kuɗin rajista a fakulte (tsangayoyin jami'a) na gama-gari, ko a Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008, ko ta Garwa da ta zo a 2022, kuma an saba karɓarta kashi biyu. Kwasa-kwasan sana'a sun fi haka tsada. Wanda ya taɓa kama wa yaro ɗaki a Dang, inda Jami'ar Ngaundare take, kuwa ya san rajista ba ita ce mai karya baya ba. Haya da abinci da fotokofi ne.

To me ya rage? Wanda kowa ya sani shi ne ladan hazaƙa, wato firim, da Shugaba Paul Biya ya sanar, aka fara biya a 2010. Sefa 50,000 ce, sau ɗaya a shekara. Ba a duba talaucin gidanku, makinka ake dubawa, don haka sabon shiga bai da abin nunawa tukuna. Iyaye da yawa kan sa shi a lissafin shekarar farko, alhali kuɗi ne da ke zuwa bayan an yi gumi. Idan an liƙa jerin sunaye, ɗalibi ya je ya duba da idonsa. In ya cancanta bai ga sunansa ba, ya rubuta ƙorafi tun jerin bai rufe ba.

Wanda ba a cika sani ba, kuma shi ne ya sa na ja kujera na zauna kusa da keken Baba, yana cikin doka mai lamba 2010/002 ta ranar 13 ga Afrilu 2010, wadda ta shafi kare masu buƙata ta musamman. Dokar ta ce gwamnati za ta ɗauki wani kaso na nauyin karatun ɗalibi mai naƙasa wanda ba shi da hali, ta hanyar yafe masa kuɗin makaranta ko na jami'a, duka ko wani ɓangare, da kuma ba shi tallafi. Sai ta ƙara wani abu da mutane ke tsallakewa: wannan sauƙi ya haɗa da 'ya'yan iyaye masu naƙasa marasa hali. Wato yarinya na iya zama lafiyayya garau, amma ta ci albarkacin halin da mahaifinta ke ciki. Baba kuwa shan inna ya taɓa masa ƙafa tun yana yaro, da sanda yake tafiya, kuma 'ya'ya biyu ya riga ya biya wa lise, wato sakandare, da guminsa ba tare da ya taɓa jin wannan magana ba.

A lura, sharaɗi biyu ne a haɗe: naƙasa da rashin hali. Ɗaya ba ya wadatarwa. Naƙasa ana tabbatar da ita ne da katin shaida na ƙasa wanda Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a ke bayarwa, bayan likita ya auna ya rubuta. Sai ta kai kashi 50 cikin 100 ake samun katin. Rashin hali kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a ne ke bincikawa. Ƙofar farko ita ce cibiyarsu ta gundumarku, ba ofishin jami'a ba. A ganina babban aibin tsarin shi ne ba ya zuwa da kansa. Ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa, kuma takardu ba sa sauri, don haka wanda ya jira sai an buɗe rajista zai biya kuɗin kafin amsa ta fito.

Akwai kuma guraben karatu da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya da Rasha da Sin ke bayarwa, waɗanda Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ke sanarwa. A karanta sanarwar har ƙasa, domin wani gurbin karatu kawai ya ɗauke, tikitin jirgi na kanka. Duk wanda ya ce a WhatsApp a turo masa kuɗi ya sa sunan yaro, ɓarawo ne. 'Yan gudun hijira irin na sansanin Minawao suna da tasu hanyar, tallafin DAFI na hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Dukkan ƙofofin nan da takardar haihuwa ake buɗe su, kuma a nan arewa ita ce ke kayar da mu. Wani ba shi da ita sam, sai an bi ta kotu. Wata kuma a takardar haihuwa Aissatou, a ta bak harafi ɗaya ya canza, dosiye, wato takardun da aka shigar, ya dawo. Ga maganar Baba ma, takardar ce za ta nuna cewa yarinyar 'yarsa ce.

Da na kai nan sai ya ja aljihun keken, ya tono wata tsohuwar leda daga ƙarƙashin zare da maɓallai. Takardar yarinyar na ciki, sunansa a rubuce daidai. Kati ne babu. Washegari da hantsi na hange shi a bayan moto, sanda a cinya, ledar a hammata.