Theileria parva da bambancin ire-irenta

Theileria parva ƙwayar cuta ce da ke shiga fararen ƙwayoyin jinin shanu, ta sa su riƙa hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Ita ke haddasa Zazzaɓin Gaɓar Gabas a gabashi da tsakiya da kudancin Afirka, kuma kaskar kunne mai ruwan ƙasa, wato Rhipicephalus appendiculatus, ce ke yaɗa ta. Kaluluwa kan fara fitowa a ƙasan kunne, zazzaɓi ya biyo baya, huhu ya cika da ruwa har kumfa ta riƙa fita ta hanci. Dabbar kan mutu cikin mako uku zuwa huɗu. An ƙiyasta tana kashe shanu kusan miliyan ɗaya a shekara, galibi maruƙan ƙananan makiyaya.

Tarihi

Masanin ƙwayoyin cuta Robert Koch ya ga ƙwayar a Darussalam ta Tanzaniya wajen 1897 ko 1898, amma ya ɗauka ƙuruciyar Babesia ce, wata ƙwayar cutar jinin shanu. Bayan cutar bushiya ta ƙarar da garkunan kudancin Afirka, sai aka shigo da shanu daga gaɓar gabas don maye gurbi, cutar kuwa ta biyo su zuwa Rodeshiya (Zimbabuwe ta yanzu) wajen 1901 zuwa 1902. Likitan dabbobi Arnold Theiler ne ya tabbatar a 1904 cewa cuta ce daban, kuma daga sunansa aka raɗa wa jinsin suna Theileria. Afirka ta Kudu ta shafe kusan shekara 50 tana tsoma shanu a ruwan magani, tana killace su, tana yanka waɗanda suka kamu, kafin ta kawar da cutar a tsakiyar shekarun 1950.

Asalin mai ɗauke da ƙwayar ɓauna ce, kuma ba ta yi mata lahani.

Bambancin iri

An kammala karanta kundin halittar ƙwayar a 2005, aka sami kimanin ƙwayoyin gado 4,000. A cikin hanjin kaska ire-irenta ke barbara, don haka kaskar da ta sha jinin saniya mai ɗauke da iri biyu na iya fitar da sabon haɗi. Ire-iren jikin ɓauna sun fi na shanu bambanta nesa ba kusa ba. A nan gizo ke saƙa, domin garkuwar saniyar da ta warke takan gane irin da ya kama ta ne, wani irin kuma ya zille mata. Sinadarin Tp2 na jikin ƙwayar, wanda garkuwar jiki ke kai wa hari, yana cikin masu yawan sauya kama.

Riga-kafi

A shekarun 1970 masu bincike a Muguga da ke Kenya suka fito da dabarar sa wa saniya ƙwayar da ranta, tare da allurar maganin oxytetracycline mai daɗewa a jiki don rage kaifin cutar. Da yake iri ɗaya bai wadatar ba, sai suka haɗa iri uku, masu suna: Muguga da Kiambu 5 da Serengeti. Ana niƙa kaska masu ɗauke da ƙwayar, a adana ruwan cikin sanyin naitirojin har zuwa bakin garke, abin da ke sa riga-kafin tsada da wahalar kaiwa ƙauye. Allura ɗaya kan kare dabba tsawon rayuwarta, kuma wannan ba ƙaramar nasara ba ce ga makiyayin da ke rasa maruƙa duk shekara. Zambiya tana amfani da irin Katete da Chitongo, Zimbabuwe kuma da Boleni.

Daga baya bincike ya nuna irin Muguga da na Serengeti kusan abu ɗaya ne. A gandun Ol Pejeta na Kenya, haɗin ya kasa kare shanun da ke kiwo wuri ɗaya da ɓauna. Wani riga-kafin daban da aka gwada da sinadarin p67 na jikin ƙwayar ya kare kimanin rabin dabbobi ne kawai.

Saniyar da aka yi wa allurar ƙwaya mai rai takan ci gaba da ɗauke da ƙwayar, kuma masana sun saɓa kan ko hakan na shigar da baƙin iri yankin da babu su.