Sauye-sauyen rabo da sunayen kwaɗi da salamanda a kimiyya

Kwaɗi da salamanda (masu wutsiya, masu kama da ƙadangare) da wasu halittu marasa ƙafa da ake kira sisiliya su ne rukunoni uku na ajin dabbobin da masana ke kira Amphibia, wato masu rayuwa a ruwa da tudu. Tun 1758 ake sake musu rabo da suna, amma sauyin da ya fi girgiza fannin ya auku ne tsakanin 2005 da 2008, lokacin da binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa dabbobi da yawa da aka haɗa a suna ɗaya kama ce kawai ta haɗa su, ba dangantaka ba. Jinsunan da aka sani yanzu sun haura 8,500. Kusan kashi 88 cikin ɗari kwaɗi ne, salamanda wajen kashi 9, ragowar sisiliya. A jerin da Darrel Frost ya shirya a 1985, guda 4,014 ne kacal.

Yadda ake raɗa suna

Kowane jinsi yana da suna mai kalma biyu cikin Latin. Ta farko sunan gidansa ce, wadda yake tarayya da 'yan'uwansa na kusa a kanta, ta biyu kuma tasa ce shi kaɗai. Gidaje masu kusanci su ke haɗuwa su zama dangi, dangogi su zama rukuni. Dokar raɗa sunayen dabbobi ta duniya, wadda bugunta na huɗu ya fito a 1999, ba ta tsoma baki a yadda masani zai raba dabbobi. Abin da take yankewa shi ne wane suna ne ya halatta. Sunan da aka fara wallafawa shi ke da iko, ana ƙirgawa daga 1 ga Janairu 1758. Kowane sunan jinsi kuma a ɗaure yake da samfurin da aka ajiye a wani gidan adana kayan tarihin halittu, shi ake komawa a duba in gardama ta taso. Idan jinsi ya sauya gida, ƙarshen sunansa na iya sauyawa don ya dace da nahawun Latin, kamar yadda marinus ya koma marina.

Wasu harsunan Turai suna da kalma ɗaya ta kwaɗo mai santsin fata, wata dabam ta mai kaushin fata. Wannan rabon bai da tushe a kimiyya, don kaushin fata ya ɓullo a dangogi da dama da ba su da kusanci. Bahaushe da ya kira su duka kwaɗo ya fi kusa da gaskiyar lamarin.

Tarihi

A bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, na 1758, Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya tara kwaɗi da ƙadangaru da kunkuru da macizai a aji guda, har da wasu kifaye masu guringuntsi irin su shak. Dukan kwaɗin da ya sani, waɗanda ba su kai jinsi ashirin ba, ya zuba su a gida ɗaya mai suna Rana. Salamanda ya sa su cikin ƙadangaru, sisiliya cikin macizai. Bai ɓoye ƙyamar da yake yi wa waɗannan halittu ba, kuma ana iya ganin haka a ƙarancin kulawar da ya ba su.

Shekara goma bayan haka Josephus Laurenti, wani likita a Viyana, ya raba gidan Rana, ya fito da sunaye irin su Hyla da Pipa, ya kuma raɗa wa wata salamanda Proteus. Shi aka daɗe ana danganta wa Bufo da Salamandra ma, sai wajen 2010 Alain Dubois da Roger Bour suka nuna cewa wani Bafaranshe, Garsault, ya riga shi amfani da su tun 1764. Sunayen suna nan yadda suke, mai su ne ya sauya bayan shekara kusan 250.

Raba su da dabbobi masu jan ciki ya ɗauki lokaci. Wajen 1800 Alexandre Brongniart ya haɗa kwaɗi da salamanda a rukuni guda, ya cire salamanda daga cikin ƙadangaru bisa hujjar cewa ba su da ɓawo a fata, a ruwa suke ƙwai, kuma 'ya'yansu kan rikiɗa kafin su girma. André Duméril, a 1805 ko 1806, ya raba rukunin biyu, marasa wutsiya da masu wutsiya, daga nan sunayen Anura da Urodela suka samo asali. Blainville a 1816, da Latreille da Gray a 1825, suna cikin waɗanda suka ɗaga su zuwa aji mai zaman kansa. Sisiliya sun tabbata a ajin ne bayan Johannes Müller ya ga kafofin numfashi irin na kifi a wuyan wani ƙaraminsu, wajen 1831. Ernst Haeckel ya ƙirƙiro sunan Lissamphibia a 1866, wanda yau ake kiran rukunonin uku masu rai da shi.

Daga nan aka koma kan ƙashi. Edward Cope a Amurka, a shekarun 1860, ya raba kwaɗi bisa ga ƙasusuwan ƙirji: waɗanda ɓangarorin biyu ke hawa juna da waɗanda suka manne a tsakiya. George Boulenger ya bi wannan tsari a kundin da ya yi wa gidan adana kayan tarihi na Landan a 1882, kundin da aka dogara da shi shekaru da dama. G. K. Noble, a 1922 da 1931, ya ƙara da siffar gaɓoɓin ƙashin baya da tsokokin cinya. Aikin na da kyau, amma kama ta yaudare su a wurare da yawa. Kwaɗin da ke hawa itace, alal misali, sukan sami faffaɗan kan yatsu mai manne wa ganye, ko a Amurka ta Kudu suke, ko Asiya, ko Afirka, alhali kakanninsu dabam ne. A 1950 Willi Hennig, Bajamushe masanin ƙwari, ya kawo ƙa'idar da ta zama ma'auni daga baya: ba a kiran tarin dabbobi gida ko dangi sai ya ƙunshi kaka guda da dukan zuriyarsa.

Kafin zuwan binciken ƙwayoyin gado, kukan kwaɗi da sinadaran jikinsu sun riga sun fara tona asiri. Kwaɗon Amurka mai ɗige-ɗige, Rana pipiens, da ake ɗauka jinsi ɗaya ne daga Kanada har Amurka ta Tsakiya, ya zama jinsuna da dama tun daga shekarun 1960 da aka naɗi kukansu aka kwatanta. A Folan kuwa Leszek Berger ya nuna cewa koren kwaɗon Turai da ake ci, wanda Linnaeus ya kira Rana esculenta, ruwa biyu ne, barbarar jinsi biyu ce ke samar da shi.

Sauyin 2005 zuwa 2008

Ƙarshen ƙarni na ashirin ya sami gidaje huɗu sun zama rumbun zuba duk abin da ba a san inda za a kai shi ba: Bufo, Rana, Hyla da Eleutherodactylus. Na ƙarshen shi kaɗai ya haura jinsi 700. A 2005 Julián Faivovich da abokan aikinsa suka farfasa Hyla. A 2006 Frost da wasu masana goma sha takwas suka wallafa The Amphibian Tree of Life, inda suka kwatanta ƙwayoyin gadon jinsi 522. A wannan shekarar Taran Grant da tawagarsa suka sake rabon kwaɗi masu dafi na Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, sannan a 2008 Blair Hedges da William Duellman da Matthew Heinicke suka kammala raba Eleutherodactylus. Mafi yawan jinsunansa na Amurka ta Kudu suka koma Pristimantis, wanda yanzu shi ne gida mafi yawan jinsuna a dukan dabbobi masu ƙashin baya.

Aikin 2006 shi ya fi taɓa sunayen da kowa ya sani. Bufo ya rage wa 'yan jinsunan Turai da Asiya da arewacin Afirka. Na Amurka ta Arewa suka zama Anaxyrus, na kudancin Asiya da dama Duttaphrynus. Ƙaton kwaɗon da aka kai gonakin rake na Ostireliya a 1935 ya zama annoba, Bufo marinus, ya koma Chaunus marinus a 2006, shekara guda bayan haka ya zama Rhinella marina. A 2016 aka sake raba shi biyu, na Amurka ta Tsakiya da yammacin duwatsun Andis ya karɓi sunan Rhinella horribilis. Alexander Pyron da John Wiens sun faɗaɗa binciken zuwa jinsi 2,871 a 2011, suka tabbatar da akasarin sababbin gidajen, suka gyara rabon wasu dangogin.

Kwaɗin Afirka

Kwaɗon da ke taruwa a gindin fitila da bakin randa da damina a Yammacin Afirka, Reuss ya raɗa masa Bufo regularis a 1833 daga samfurin Masar. Tun shekarun 1960 aka lura cewa shi da akasarin 'yan'uwansa na Afirka suna da zaren gado 20 a ƙwayar halitta, maimakon 22 na sauran gidan. A 2006 aka yi musu sabon gida, Amietophrynus, don karrama Jean-Louis Amiet wanda ya daɗe yana nazarin kwaɗin Kamaru. Sunan ya yi shekara goma ne kawai. Annemarie Ohler da Dubois sun duba wani tsohon samfuri a gidan adana kayan tarihi na Faris, wanda Tschudi ya kira Sclerophrys capensis a 1838, suka gane ɗan wannan gida ne daga Afirka ta Kudu. Tsohon suna ya kori sabo, kuma tun 2016 kwaɗon nan Sclerophrys regularis ake rubuta shi.

Babban kwaɗon fadama da ake kamawa a busar a kai kasuwa a Najeriya da Binin da Burkina Faso ya fara ne da Rana occipitalis a ƙarshen shekarun 1850, ya daɗe a Dicroglossus, yanzu yana Hoplobatrachus. Tsohon dangin Ranidae ma an tsattsaga shi, aka fitar da dangogi irin su Ptychadenidae da Phrynobatrachidae da Pyxicephalidae. A 2014 Michael Barej da abokan aikinsa suka gano cewa wani kwaɗo mai haƙora kamar fiƙa, da ke zaune a gangaren ruwa a Gini da Saliyo da Laberiya da Kodebuwa, bai da ɗan'uwa na kusa ko'ina. Aka yi masa dangi nasa, Odontobatrachidae, kuma a 2015 jinsi ɗayan ya zama biyar. A shekarar ne kuma aka ƙara sababbin jinsuna shida a gidan Xenopus, cikinsu har da Xenopus fischbergi na filayen Yammacin Afirka da Afirka ta Tsakiya.

Salamanda

Babu salamanda a kudu da Sahara, shi ya sa ba ta da sunan Hausa. Dangoginta goma ba su sha sauyi kamar na kwaɗi ba. Sauyin ya fi yawa a matakin gida da jinsi.

Labarin sunan Andrias ya fi kowanne shahara. A 1726 Johann Scheuchzer ɗan Suwizalan ya bayyana wasu ƙasusuwa da suka daskare cikin dutse, ya ce na mutumin da ya halaka ne a ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu. A farkon ƙarni na goma sha tara Georges Cuvier ya nuna cewa na ƙatuwar salamanda ne. Tschudi ya ba gidan sunan Andrias a 1837, wato mai siffar mutum, kuma a cikinsa manyan salamandar Sin da Japan suke a yau. Ta Sin an ɗauke ta jinsi ɗaya har 2018, lokacin da bincike ya nuna aƙalla biyar ne. A 2019 aka farfaɗo wa ɗaya daga cikinsu da sunan sligoi, wanda Edward Boulenger ya raɗa a 1924 wa wata da ke gidan namun daji na Landan. Abin ya shafi kare su, domin gonakin kiwo sun riga sun cakuɗa jinsunan, an kuma saki 'ya'yan barbarar cikin koguna.

Haka lamarin ya kasance da axolotl, wata salamandar ruwa ta Meziko. An ba shi gida dabam, Siredon, har sai da wasu da ake kiwo a Faris suka rikiɗa a 1865 suka fito tudu, Auguste Duméril ya ga ashe 'yan gidan Ambystoma ne da kan hayayyafa ba tare da sun bar siffar ƙuruciya ba. A Turai, gidan Triturus ya rabu tun daga 2004 zuwa Lissotriton da Ommatotriton da wasu. A Amurka Richard Highton ya raba Plethodon glutinosus zuwa jinsi 16 a 1989. Dangin salamanda marasa huhu, Plethodontidae, wanda ya ƙunshi kusan kashi biyu cikin uku na duka, an ɗauka babu shi a Asiya sai da aka bayyana Karsenia koreana daga Koriya ta Kudu a 2005.

Batutuwan da ba a daidaita ba

Kwaɗin Rana na Amurka: Frost ya kai mafi yawansu Lithobates, David Hillis da wasu suka ce a bar su a Rana a raba ƙananan sassa a ciki, don kada a ruɗa masu amfani da sunayen. Manyan rumbunan bayanai biyu na intanet, Amphibian Species of the World da ke New York da AmphibiaWeb da ke Berkeley, sun daɗe da saɓani a kai. A 2021 an kawo shawarar sunan Aquarana ga wasunsu. Raba Hylidae, dangin su Hyla, zuwa dangi uku da aka yi a 2016 bai sami karɓuwa wurin kowa ba. Sunan rukunin salamanda ma, wasu Caudata suke rubutawa, wasu Urodela.

Sisiliya

An tsara su dangi tara a 2011. Chikilidae na arewa maso gabashin Indiya ya zama na goma a 2012.