Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ƙungiyoyin Gari Za Su Adana Tarihin Jiya

Rubuta tarihi ba aikin jami'a da gwamnati ba ne? Me ya kai ƙungiyar unguwa ciki?

Suna yin nasu. Gidan Arewa da ke Kaduna, tsohon gidan Sardauna, tun 1970 yake tattara takardu. Akwai taskar ajiyar takardun gwamnati a Kaduna, akwai Gidan Makama a Kano, a Yamai kuma akwai cibiyar tarihin baka da aka kafa a 1968. Sai dai galibin abin da ke cikinsu na sarakuna ne da malamai da rahotannin Razdan da Di'o, jami'an Turawan mulkin mallaka. Ba za ka je can ka tarar da sunan wanda ya haƙa rijiyar unguwarku ba, ko dalilin da ya sa kasuwar garinku ta tashi daga inda take. Wannan yana bakin tsofaffi, kuma ɗan gari ne ya san ƙofar da zai yi sallama.

Wane irin labari ya kamata a fara nema?

Na waɗanda shekaru suka ja, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu. Ma'aikatan masaƙun Kakuri a Kaduna, masaƙun da ta farkonsu ta fara aiki a 1957, yau kuwa yawancinsu a rufe suke. 'Yan dakon da suka jera dalar gyaɗa a Kano. Sojojin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Manoma da makiyayan da suka ga farin 1973. Mutanen Kano da rikicin Maitatsine ya rutsa da su a Disambar 1980. Zuriyar alhazan da suka tafi Makka a ƙafa suka yada zango a Sudan.

A ganina kuwa, mata aka fi bari a baya. Dubi Baba ta Karo: tsohuwa ce da ba ta riƙe da wata sarauta, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga a 1954. Har gobe masu bincike a kan aure, ƙawance da bauta a ƙasar Hausa suna komawa gare shi. Don haka a sa mata cikin masu tambayar, domin akwai zancen da tsohuwa ba za ta yi a gaban namiji ba ko da jikanta ne.

Tsofaffi ba sa riƙe shekara. Yaya za a gane lokacin da abu ya faru?

Kada ka ce "Baba, wace shekara ce?" Zai ce maka an daɗe. Tambaye shi wa ke sarauta a lokacin, ko kafin wane abu ne. Mutanenmu da aukuwa suke lissafi: zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna 1956 ne, kisan Sardauna Janairun 1966, komawa tuƙi ta hannun dama 1972, barin fam da sule a koma naira 1973, canjin kuɗin Buhari na farko 1984. Idan tsohuwa ta ce tana goyon ɗanta na biyu aka kashe Murtala, ka samu 1976. Kowace ƙungiya ta rubuta irin wannan jeri na garinta, ta ƙara da gobara, ambaliya da naɗin hakimai.

In dattawa biyu suka saɓa fa?

A ɗauki duka biyun, a rubuta wa ya faɗi me. Ba aikin ƙungiya ba ne yanke hukunci, musamman a kan wanda ya fara saran gari, ko gidan da ya fi cancantar sarauta, ko iyakar gona. Nan ne tarihi kan zama shari'a. Kuma a gana da kowa shi kaɗai, don a majalisa ƙarami ba ya musa wa babba.

Wane kayan aiki ake bukata?

Waya ta isa. A nemi wuri marar hayaniya, a faɗi sunan mai magana da rana da wuri a farkon naɗin. A ɗauki hoton tsofaffin takardu: rasiɗin haraji, wasiƙun ajami, katin aiki. Matsalar ita ce ajiya, don waya takan ɓata ko ta lalace. A kwafa a wuri biyu ko uku, ɗaya a hannun makaranta ko ɗakin karatu.

Komai aka ji za a watsa?

A'a. Tun kafin a kunna waya a gaya wa tsoho inda muryarsa za ta je, a naɗi amincewarsa. Zancen asalin bauta, ko wanda ya yi wa wani laifi lokacin rikici, yana iya ɓata auren jikoki a yau. Idan ya ce kada a fitar da wani sashe sai bayan ransa, a rubuta sharaɗin a jikin ajiyar, a ba iyalinsa kwafi.