Waiwaye: Cinikin ƙoda da fasfo a birnin Landan

A 2002 ne darakta Stephen Frears ya fitar da fim ɗin Dirty Pretty Things. Chiwetel Ejiofor ya fito a matsayin Okwe, likita ɗan Najeriya da ke zaune a Landan babu takardu. Da rana yana tuƙin tasi, da dare yana karɓar baƙi a otal, yana taunar wani ganye don kada barci ya sace shi. Rannan ya shiga duba masan wani ɗaki da ya toshe, sai ya zaro zuciyar ɗan Adam. Ashe manajan otal ɗin ƙodar baƙin haure yake saye, ya biya su da fasfon jabu. Okwe ya ga ta'asa ƙiri-ƙiri, amma ina bakin kai ƙara? Ɗan sanda takardunsa zai fara tambaya.

Ba da ka aka zana labarin ba. A Yunin 2000 an tsinci gawar 'yan China 58 cikin motar dakon tumatir a tashar jiragen ruwa ta Dover da ke Birtaniya. A Yulin 2002 gwamnatin Birtaniya ta janye damar aikin da masu neman mafaka ke samu bayan wata shida suna jiran amsa, wato mutum ya zauna hannu rabbana ko ya yi aiki a ɓoye.

Daga nan abin sai ƙara tsauri yake yi. A 2012 Theresa May, tana ministar cikin gida, ta fito fili ta ce so take zaman ƙasar ya gagari marasa takardu. Dokokin 2014 da 2016 suka ɗora wa masu gidajen haya da bankuna aikin bincikar takardun mutane. A ganina wannan ya fi komai gyara wa irin su manajan nan kasuwa.

Sai kuma ga zancen ƙoda a gaban kotu. A 2023 aka ɗaure tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawan Najeriya, Ike Ekweremadu, shekara 9 da wata 8, saboda kai wani matashi mai talla a titunan Legas zuwa Landan don a cire masa ƙoda a dasa wa 'yarsa. Shi matashin da biza ya shiga, kuma asibitin ya ƙi yin aikin. Yaron ya gudu, ya yi ta kwana a titi, sannan ya kai kansa ofishin 'yan sanda.